Yadda Za Ka Bar wa Kamfanin Mota Dala Ɗari Tara Cikin Mutunci

Kamfanin da ya ƙera motarka ya gano famfon man da ya saka mata mai lahani ne. Ya aiko da wasiƙa: duk wanda ya riga ya gyara da kuɗinsa, ko a wajen bakaniken unguwa ne, ya turo rasit a mayar masa. Rikol ke nan a Turancin ƙasar nan da muke zaman baƙunta. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin ko sisi ba zai dawo aljihunka ba. Alhaji Maitama na Beltsville ya bi su, saura ƙiris ya ci nasara.

1. Ka ƙi karɓar rasit

Ranar da motar Alhaji ta mutu a hanyar ofis, garejin Martins aka ja ta, mutumin Kafanchan da ya daɗe yana gyara wa 'yan gida. Alhaji ya biya dala ɗari tara tsaba, daga cikin kuɗin tikitin jirgin da matarsa, Hajiya Tayyiba, za ta je gida ganin mahaifiyarta. Martins ya miƙo takarda.

"Haba Martins! Ni da kai sai da takarda? Kotu za mu?"

"Baba, ka riƙe dai."

"Mayar da abarka. Mu amana muka sani."

Madalla. Alhaji, injiniyan da ba ya sa hannu a aikin gada sai ya karanta shafi tamanin, ga shi yana jin kunyar falle ɗaya. Koyi da shi.

2. Kada ka buɗe wasiƙa

Duk ambulan mai 'yar tagar leda a gaba talla ce. Ta Alhaji ta yi wata biyu a kan firij, har ya rubuta lambar mai kilishi a bayanta. Da ya buɗe ta kuwa, ya mayar da ita inda take.

3. Ka nemi fatawa a ƙofar masallaci

Bayan Juma'a kowa lauya ne. Wani zai ce sai in dillalin kamfanin ne ya gyara ake biya. Wani zai ce tarko ne. Dattijon cikinsu zai ce ka bar wa Allah. Ka karɓa duka. Lambar wayar da ke jikin wasiƙar kuwa, kul! Kyauta ce, kuma mai ɗauka ya san amsa.

4. Ka je gareji, ka gaisa kawai

Abin da kamfani ke so bai fi cikin cokali ba: rasit mai kwanan wata, sunan abin da aka canza, lambar jikin motar, da shaidar an biya. Amma a ganin Alhaji, neman rasit yanzu daidai yake da ce wa Martins ɓarawo. Sau biyu ya je. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya dawo.

5. Ka ɓoye wa matarka

A nan Alhaji ya faɗi. Hajiya tana neman lambar mai kilishi ta juya ambulan, ta zaro wasiƙar ta karanta. Kwana tara ya rage wa'adin ya cika.

"Alhaji, tikitina ne ke kwance a kan firij?"

"Ke ba ki san mutunci ba."

"Na sani. Jirgi ne bai sani ba."

Da ta tashi daga aiki a asibiti ta biya ta gareji. Martins ya yi dariya har da riƙe ciki, ya jawo durowa, ya fito da fayil mai kauri. A goshin fayil ɗin an rubuta AMANA.

"Madam, duk rasit ɗin da mutanenmu suka ƙi karɓa yana nan, da hatimi. Masu irin motar Baba ma su goma sha ɗaya ne. Ke ce ta farko da ta zo karɓa."

Bayan mako bakwai cek ya iso. Alhaji ya ɗaga shi, ya gyara hula.

"Kin gani? Amfanin amana ke nan."

"Ƙwarai. Sa hannu a bayansa in kai banki."

Gargaɗi

Idan matarka mai juya ambulan ce, ko bakanikenka mai ajiye fayil ne, kuɗinka na iya dawowa duk da ƙoƙarinka, kuma ba ruwana. Ku goman da kuka rage a durowar Martins, wa'adi ya wuce tun watan jiya. Kamfani na godiya da tarbiyyarku.