Ranar da Na Kwance Wuƙar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, har in koma ga Allah, da abin da na tafka ranar sunan ɗiyata ta fari. A Sanyinna aka yi, gidan surukina Alhaji, mutumin da ko gaishe shi zan yi sai na sunkuyar da kai. Ni kuwa gyaran waya nake yi a kasuwar Tambuwal, kuma a lokacin ji nake duk abin da ke da noti ɗan gidana ne.

Da aka yanka rago, Alhaji ya fiddo wata wuƙa mai naɗewa aka yi fiɗa da ita. Ta marigayi wansa ce, tun rasuwarsa take cikin akwati, sai ranar ya buɗe ta don girmama jikarsa. An gama aiki, an wanke ta, sai ta ƙi rufuwa. Wannan ya danna, wancan ya danna, ko gezau. Maimakon in ja bakina irin na surukin kirki, sai na ji kaina ina cewa datti ne kawai, a miƙo mini. Har da zuwa babur in ɗauko kayan aiki.

Nan idona ya raina fata. Na zaci zan tarar da noti mai tsaga ɗaya ko mai gicciye, sai ga masu kai kamar tauraro mai tsini shida, kuma ba girmansu ɗaya ba. Sukudireban da ya shiga ƙananan ya ƙi kama na tsakiya. Da na samu wanda ya kama, na yi ta murzawa, notin na juyawa amma ba ya fita. Na juya hagu, na juya dama, har na manta wanne ne kwancewa. Ashe sai an riƙe ɗan'uwansa ta baya. (Liman ne ya lura, ba ni ba.)

Da ƙotar ta buɗe, wasu siraran zobba suka zubo kan tabarma, ban ma ga inda suka fito ba. Sai na hango wani ƙarfe a lanƙwashe a ciki. Daɗi ya kama ni, na ɗaga shi kowa ya gani, na ce ga mai laifin nan. Na sa filaya na miƙar da shi sambal.

Wajen mayarwa noti ɗaya da zobe ɗaya suka yi saura. Na duba, na sake dubawa, babu gurbinsu. Na faki ido na zura su aljihu. Wuƙa dai ta rufu, jama'a suna ta sa mini albarka, ni ko ina wani ƙanƙan da kai na ƙarya.

Ana haka Sani, ɗan marigayin, ya iso daga Kebbe. Ya karɓi wuƙar mahaifinsa ya buɗe, sai ga bakinta yana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Wa yat taɓa makullin?" in ji shi. "Wanga ƙarfen ai haka nan aka yo shi lanƙwashe. Da yatsa aka tura shi gefe, sai ta rufu."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya karɓi wuƙar, ya daɗe yana kallonta, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya naɗe ta a ƙyalle, sannan ya miƙo mini tafin hannunsa ba tare da ya dube ni ba.

"Ba komi, ɗana. Kawo sauran da kas sa aljihu."

Tun daga ranar, in na ga abu a karkace, sai na tambayi masu shi ko haka aka yi shi kafin in taɓa. Alhaji bai sake tayar da maganar ba, amma ko rediyonsa ne ya lalace, wurin wani mai gyara can Dogon Daji yake aikawa da shi.