Filasko a Ranar Kai Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai ƙawata Balkisu ɗakinta a Goronyo ba. Ni ce babbar ƙawa, ga shi tela ya ɗinka mini anko ya matse ni kamar an ɗaure bakin buhu. Sai na ce bari in wanke ciki da filasko ko tumbin ya lafa.

Kowa a Wurno ya san da dare ake shan filasko, ya yi aikinsa da safe. Ni da hantsi na sha. Na jira, shiru. Ni kuwa ba ni da haƙuri (ko shayi ba na bari ya huce), kuma na saba da maganin ciwon kai, wanda kafin in gama ɗaurin ɗankwali ciwon ya sake ni. Na ce ganyen ne ya tsufa, na dafa wani mai kauri na shanye. Shiru. Na bi shi da masa da miya.

Bayan la'asar motoci suka tashi. Aka haɗa ni da Gwaggo Hajo, ƙanwar baban amarya, mai tuƙin kuma babban abokin ango ne, wani dogo mai ƙamshi da tun ranar kamu nake yi wa yanga.

Ba mu yi nisa ba cikina ya ɗauki ƙara kamar injin ban ruwa. A nan karatun sakandare ya dawo mini. Malamarmu ta ce wani magani tun a ƙaramin hanji yake shiga jini, wani kuwa sai ya gangara har babban hanji kafin ya fara aiki, shi ya sa yake daɗewa (wallahi na ci wannan tambayar a jarrabawa).

"Malam, tsaya."

"Mi ya faru? Ai yanzu munka taso."

"Na ce ka tsaya!"

Ayarin amarya kuwa, mota ɗaya ta tsaya, kowa ya tsaya. Na fito na duba hagu da dama. Rani ne, ba gero, ba dawa, sai albasa iya ganin ido, ganyenta ko gwiwa bai kai ba.

Gwaggo ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi kinka sha?"

"Filasko, Gwaggo."

"Yau? Da rana tsaka? Mata, ku taho da mayafai!"

Haka suka kewaye ni suna riƙe da gyale, suna ƙyaƙyata dariya. Mai gonar ya ɗago daga nesa ya ce, "Hajiya, a kula mini da shuka!"

Gwaggo ta ce, "Taki munka kawo maka kyauta, yi godiya!"

Ba tsayawar ƙarshe ke nan ba. Abokin ango dai ya sauke gilasai, ya kafa wa titi ido har Goronyo. Lambata da ya ce zai karɓa, har yau bai waiwayo ba.

Tun daga ranar, in na sha magani ya yi shiru ba na ƙara masa. Na gane ba barci yake ba, yana kan hanya ne.