Addinin Hindu da Na Karanto a Gidan Kallo

Ko an wanke min ƙwaƙwalwa da sabulu ba zan manta da wannan Talatar ba. Shekara uku ina zaune babu aiki, sai wata makarantar kuɗi a unguwar Arawa ta kira ni gwajin koyarwa: minti ashirin a gaban ɗalibai, a kan asali da aƙidun addinin Hindu. In na burge, aikin nawa ne.

Dariya ma na yi. Ni da na girma a gidajen kallo na unguwar Malam Inna, wane fim ɗin Indiya ne ban haddace ba? Matata ta ce, "Baban Amira, ka ɗan buɗe littafi mana." Na ce mata littafin yana kaina (kan da babu komai a ciki sai waƙoƙi).

Ina shiga aji na hango shugaban makarantar a baya, kusa da shi wata dattijuwa Ba'indiya, malamar lissafinsu. Mai hankali da ya tsorata. Ni murna na yi, wai ga shaida ta zo.

Na gyara hula na fara zuba. Na ce wani sarki mai gashin baki ne ya kafa addinin. Na ce saniya suke bauta wa. Karma kuwa ramuwar gayya ce: a kashe ubanka, ka girma, ka rama. Har na kwatanta da hannu. Sannan, don tsabar rashin rabo, na juya na ce, "Ko ba haka ba, Madam?"

Ta miƙe a hankali. Da Hausa ta amsa, Hausar da ta fi tawa tsabta.

"A'a, Malam. Babu mutum ɗaya da ya kafa shi. Ya tsiro ne cikin dubban shekaru a ƙasar Indiya, tsofaffin littattafansa su ne Veda. Da yawanmu mun yarda akwai Gaskiya guda ɗaya, Brahman, mai bayyana ta siffofi daban-daban. Saniya girmama ta muke yi kamar uwa, don tana shayar da mu. Karma sakamakon aikinka ne, yana bin rai in an sake haihuwarsa, har ya sami 'yanci daga sake haihuwar. Da wannan na yi haƙuri bara da mahaifiyata ta rasu."

Da ɗaliban sun yi dariya da na ji sauƙi. Sai suka tsaya suna kallona da tausayi. Shugaban ya ce, "Malam, za mu neme ka."

Yau wata takwas ba su neme ni ba. Ina shagon yayana ina auna shinkafa, wallahi wani lokacin har hawaye nake ɓoyewa. Matata ba ta taɓa cewa "na faɗa maka" ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Shekara ashirin ina kallon mutane suna rawa a cikin ruwan sama, ban taɓa tambayar me suke riƙewa ranar da uwarsu ta mutu ba. Yanzu ko a kan tuwo aka tambaye ni, sai na ce bari in duba littafi.