Alhaji Salmanu Ya Naɗa Wakilin Gumi

Duk faɗin Fagge, kai har ka tsallaka Sabon Gari, babu wanda ya yi wa ilimin motsa jiki hidima kamar Alhaji Salmanu mai kayan lantarki. Mahassada za su ce ba su taɓa ganin ya yi gudu ba. Gaskiya ne, amma ai ba su taɓa ganin injiniya yana ɗaukar bulo ba. Alhaji mutum ne mai cikar kamala da cikar riga. Tumbinsa kan riga shi shiga masallaci ya kama masa sahu. A kasuwa ana kiransa Garkuwan Lafiya, sarautar da shi ya naɗa wa kansa, kuma babu wanda ya ja.

Abin ya samo asali ne ranar da jiri ya ɗebe shi a matakalar benen shagonsa. Likita ya auna ya ce jini ya hau, zuciya ta gaji da dako, in ba a rage mata kaya ba wata rana za ta sauke da kanta. Matarsa Hajiya Mero ta tsorata ƙwarai, domin haka yayan Alhaji ya tafi, ana tsakiyar hira. Shi kuwa abin da ya fahimta shi ne Allah ya buɗe masa sabon fagen shugabanci.

Ya duƙufa bincike a waya, yana neman atisayen da ya dace da matsayinsa. Bidiyon farko mata ne da matsattsun kaya, ya yi a'uziyya, amma ya kalla har ƙarshe don ya tabbatar da ɓarnar. Na biyu sai an kwanta rub da ciki a ƙasa, shi kuwa ba ya kwanciya a gaban na ƙasa da shi. Na uku tsalle ne, aikin kwaɗi. Tafiyar ƙafa da likita ya ce a fara da ita ko saurara bai yi ba. Attajiri ya taka daga Fagge zuwa kasuwa? Kafin azahar an ce ya sayar da mota.

A ƙarshe ya kai ziyarar gani da ido gidan motsa jikin wani Kelechi a Sabon Gari. Kelechi ya yi masa bayanin salon da ake yayi: ka yi aiki da iyakar ƙarfinka na ɗan lokaci, ka huta, ka sake, ka huta. Ya ƙara da cewa mai hawan jini sai ya bi a hankali, da izinin likita. Wannan ƙarin bai shiga ba, don kunnen Alhaji ya riga ya cika da kalma guda.

"Wato rabinsa hutu ne?" in ji shi. "To ai ni na daɗe da ƙwarewa a rabin ilimin nan ban sani ba."

Sauran rabin ma bai gagare shi ba. Babban mutum ba ya zuwa ko'ina da ƙafarsa. Shekara da shekaru akwai Malam Usaid, abokinsa tun na ƙuruciya, mai furfura a gemu, wanda ke wakiltarsa a ɗaurin aure da suna da jana'iza. Malam Usaid ya je ya ce, "Alhaji ya aiko ni," a ce an gode, Allah ya ba da lada. In ana karɓar wakili a wajen lada, me zai hana a wajen gumi?

Haka aka raba aiki bisa adalci. Kullum bayan asuba, a wani fili kusa da tashar jirgin ƙasa, Alhaji ya hakimce a kujerar roba, da takalmin gudu fari fat a ƙarƙashin babbar riga, da usur a wuya. Ya busa, Malam Usaid ya zura da gudu kamar an biyo shi. Ya sake busawa, Malam Usaid ya tsaya, shi kuma Alhaji ya karɓi nasa ɓangaren. Ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya huta da iyakar ƙarfinsa. Wallahi ban taɓa ganin mai hutu da himma irin tasa ba.

'Yan dako da direbobi kan taru su kalla, shi kuma ba ya yi musu rowar ilimi.

"Jama'a, matsalar mutanenmu jahilci. Kowa na ganin gudu shi ne atisaye. Masana sun tabbatar amfanin yana cikin hutun. Gudun nan da kuke gani share fage ne kawai. Ni da na ɗauki ɓangare mai nauyi, kun ji na yi ƙorafi?"

Daga nan sai teburin mai shayi, don a mayar da abin da aka rasa. Malam Usaid ya sha ruwan bunu. Alhaji ya sha mai kauri, da wainar ƙwai da rabin burodi, saboda shi ne mai jinya.

Sakamako kuwa ya fito, gani ya kori ji. Ciwon bayan Malam Usaid ya ɓace. Ya koma hawa benen shago da kwalin waya a ka yana waƙa. Alhaji kan nuna shi ga baƙi ya ce, "Ku dubi yadda muka koma." A gida Hajiya Mero ta ce ita fa har yanzu tana jin numfashinsa daga tsakar gida, kuma an ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ya ce wannan karin maganar tun kafin zuwan kimiyya aka yi ta.

Ranar komawa asibiti ya tafi da tawaga, Hajiya Mero da Malam Usaid. Nas ɗin, Sista Bridget, ta ɗauko abin awon jini. Alhaji ya nuna mata hannun wakilinsa. Ta ɗauka wasa ne, ta auna, ta ce wannan bawan Allah lafiyarsa ƙalau.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji, yana gyara hula zai miƙe. "Mun warke."

Ta ce ya miƙo nasa. Ya miƙa don kada a ce ya raina ma'aikata. Ta auna, ta dubi allon, ta sake aunawa. Ta canjo wata na'urar. Daga nan ta daina murmushi, ta leƙa waje ta ce a kira likita, a kuma shirya gado.

Malam Usaid, da yake sabo ya bi jiki, har ya fara cire takalmi zai hau gadon. Hajiya Mero ta ce ya bari. Ta juya ga mijinta, idonta ya kawo ruwa.

"Alhaji, jana'izar kowa ka aika wakili, an karɓa. Taka fa, wa za ka aika?"