Ranar da Raƙumin Dawa Ya Kwance Mini Ɗauri

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Guangzhou ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran tunanina kaf. An haura shekara ashirin, amma har gobe in na ga hoton raƙumin dawa a littafin jikata sai na ji raina ya ɓaci. Kada wanda ya ƙara ce mini dabba ce mai ban sha'awa. Ni na san halinta.

A ƙarshe-ƙarshen shekarun casa'in ne. Mai gidana, Baban Ummi, yana cikin 'yan kasuwar Kano da suka fara gano hanyar Sin tun ana yayin Dubai. Takalma da jakunkunan mata yake sarowa, kuma da abokansa suka fara ɗora masa saƙo sai zamansa a can ya riƙa tsawo. Ran nan ya ce in shirya, da ni da Ummi za mu bi shi mu yi wasu watanni. Murna ta hana ni zama, har sai da yayarsa, Yaya Binta, ta zo sallama. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah sarki matarmu. Sin fa? Can inda ake cin kwaɗi? Za ki dawo mana kin bushe kamar kilishi." Na yi murmushi don ba a mayar wa yayar miji magana, amma a zuciyata na rantse sai na aiko mata da hoton da zai rufe mata baki.

Ba abin da ban ƙulla ba. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, turaren wuta, da lesuna na kece raini. Abu ɗaya ne ba ya shiga akwati, shi ne mai kitso, kuma ban tuna da haka ba sai da muka kwana biyu a wani ɗan ɗaki a bayan titin Huanshi Lu, kitson da aka yi mini a Kano ya fara tsufa. Sau ɗaya na yi ƙundunbala na shiga shagon gyaran gashi, na ɗan ɗage gefen ɗankwalina. Yarinyar ta leƙa, ta ja da baya tana kaɗa hannu: "Meiyou, meiyou!" Wato babu. (Ita ce kalmar Sinanci ta farko da na haddace, saboda ita aka fi jifana da ita.) Na ja tsaki na fito, na ci gaba da rufe asirina da ɗankwali.

Mutumin da Baban Ummi yake saro takalma a wurinsa, wanda kowa yake kira Laoban, wato mai gida, yana da shago a titin Liuhua Lu, matarsa Madam Lin ce ke zama a ciki. Mace ce mai fara'a, ba zan ci haƙƙinta ba, amma tambayoyinta sun isa su tayar wa mutum da hawan jini. Duk ranar da na raka Baban Ummi sai ta yi masa magana da guntun Turancinta, shi kuma ya juyo yana danne dariya.

"Maman Ummi, wai a gidanmu zaki yana shigowa tsakar gida?"

Ni? Ni da aka haifa a Fagge, na tashi ina jin ƙarar jirgin sama a kan rufinmu? Duk rayuwata naman dajin da na taɓa gani ita ce kurar 'yan wasa, ita ma da takunkumi a bakinta. Na ce ya gaya mata Kano birni ce tun kafin a san kakan kakanta. Ban san abin da ya fassara mata ba, na dai ga ta gyaɗa kai tana murna.

Shi ya sa ranar da Laoban ya gayyace mu wani sabon gandun dabbobi da aka buɗe a wajen gari, ta ɓangaren Panyu, inda ake shiga da mota a ratsa tsakiyar namun daji, kuma Madam Lin ta ƙara da cewa zan ji kamar ina gida, sai na ce to, an zo wurin. Zan yi shigar da za ta nuna wa matar nan 'yar birni, kuma a can za a ɗauki hoton Yaya Binta. Sauran kai kawai. Allah ya taimake ni a satin wani ɗan kasuwar Maraɗi ya sauka a benenmu da matarsa, Hajiya Rakiya, ta kuma iya kitso. Ta ce mini, "Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, ran dimashi, Lahadinku ke nan, da sahe ki tsehe, in taho in yi miki lahiya lau."

Ga inda na yi wautar. Laoban ya ce ƙarfe takwas zai zo. Ni kuwa na yi lissafi irin na gida, inda in an ce biki ƙarfe takwas ko uwar amarya ba ta fara wanka sai azahar. Na gama abincin tafiya a tsanake, na zauna na fara tsifa. Kitson watanni ya cukurkuɗe, kowane layi sai na yi kamar zan yi kuka. Na gama ɓarin dama ke nan, Hajiya Rakiya ko leƙowa ba ta yi ba, sai ga hon a ƙasa. Baban Ummi ya leƙa taga ya ce, "Ga su nan." Na duba agogo, takwas ɗin ce kuwa, ko ɗigo babu a kai. Wane irin mutane ne waɗannan, a ce takwas kuma a zo takwas? Da ma an ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba lokacin mayar da kitso, ba lokacin ƙarasa tsifa. Na tura gashin yadda ya samu, na zura koren leshina, na ɗauko ɗankwalinsa mai tauri, kore shar, na kafa ɗauri na gani na faɗa, har na fitar masa da kunnuwa biyu suna rawa a sama. Na zuba awarwaro, na saƙala gyale a kafaɗa.

"Maman Ummi," in ji Baban Ummi, "gidan dabbobi fa za mu, ba wajen kamu ba. Ki yafa mayafin nan a kanki."

"In yafa ya danne ɗaurin? To me za a gani a hoton?"

Daga baya ya sha tuna mini cewa ya faɗa.

Motar Laoban 'yar ƙaramar bas ce da yake kai kaya da ita, tana warin gam ɗin takalma. Rufinta ya yi wa ɗaurina kaɗan, don haka duk tafiyar a sunkuye na yi ta, wuyana a karkace. Muka bar cunkoson gari, muka haye dogayen gadoji a kan kogi, muka ratsa gonakin ayaba, zafi kamar ana turara mutum. Ummi, lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba, ta manna hanci a gilashi tana ta surutu. Madam Lin na gaba da wata faffaɗar malafa ruwan hoda mai igiya a haɓa. Na dube ta na ji tausayinta, na ce a raina wannan baiwar Allah ba ta san fita ba.

Da muka shiga gandun aka ce kowa ya rufe gilashi. Ga jakunan dawa, ga jiminu suna leƙo mu, ga zakuna a miƙe a inuwa kamar waɗanda suka ci tuwo suka ƙoshi. Gaskiya ta Allah, ranar na fara ganinsu, a ƙasar Sin, amma na haɗe fuska kada a gane. Duk dabbar da muka wuce sai Madam Lin ta juyo ta nuna ta, ta nuna ni, ni kuma in ce mata "Meiyou" da ƙarfi. Sai kuma na lura mutanen da ke cikin sauran motoci sun bar zakuna sun juyo da kamarorinsu kanmu. Da farko na fusata, mu aka kawo kallo ko dabbobi? Can kuma na tuna ɗaurina, na ce ashe kwalliya ce ta biya kuɗin sabulu. Har na ɗan gyara zama.

A wajen raƙuman dawa ake sauka. An yi wani dandamali na katako mai tsayi, ana hawa a miƙa musu reshen ganye. Laoban ya sayo wa kowa, na ce a kai kasuwa, ban zo Sin kiwo ba. Ni hoto ya kawo ni. Na je bakin dandamalin na juya wa dabbobin baya don su fito a bayana, Madam Lin ta saita kamara, jama'a suka buɗa suka zagaye ni. Na ɗaga haɓa, na ɗora hannu a ƙirji yadda awarwaron zai fito, ina ayyana fuskar Yaya Binta.

Na ji wata iska mai ɗumi a ƙeyata. Ummi ta ce, "Mama, bayanki."

"Yi mini shiru, hoto ake."

Sai na ji an ɗage ɗaurin nan gaba ɗaya, cak, kamar an buɗe murfin tukunya. Iska ta bugi tsakar kaina. Na waiga, ga wani zanƙalelen wuya yana komawa sama, ga baƙin harshe ya naɗe kunnen ɗankwalina. La'anannen ya bar ganyen da aka saya masa da kuɗi, ya zaɓi nawa.

Daga nan taron ya ce "Waaa!" baki ɗaya, sai ƙyas-ƙyas ɗin kamarori ta ko'ina. Ku dai ku ayyana abin da suka gani: ɓarin dama a tsaye kamar audugar katifar da aka farke, ɓarin hagu tsohon kitso ya yi buzu-buzu, a tsakiya kuma ga matajin da nake tsifa da shi a soke, don ashe a cikin sauri ban cire shi ba. Matar aure, uwar 'ya, kai a buɗe a gaban maza, a gaban Laoban!

Mai hankali gyale za ta ja ta rufe kanta. Ni tsalle na yi na cafko jelar ɗankwalin da hannu biyu, gyalen ya sulale ya faɗa cikin shingen. Ina ja, raƙumi na ja, awarwaro na ƙara, ina zabga masa zagi da Hausa: "Sakar mini, ɓarawon banza! Gadon ubanka ne?" Ummi na kuka tana cewa ya cinye wa Mama ɗankwali. Na nemi Baban Ummi, mutumin da ya ɗauko ni daga gaban iyayena da amana, na hango shi ya juya baya ya dafa katako, kafaɗunsa suna rawa. (Har yau rantsuwa yake wai salati yake yi. Allah na gani.)

Raƙumin ya yi fizga ɗaya ya tafi da abinsa. Ina tsaye hannu biyu a ka, ina fatan ƙasa ta tsage in shige, sai na ji an kifa mini wani abu. Madam Lin ce, ta cire malafar nan da na raina ta ɗora mini, ta ɗaure igiyar a haɓata, ta tsaya a gabana tana korar masu kamara da faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, ɓarawon ko haɗiyewa bai yi ba. Ya tauna, ya ji ba daɗi, ya tofar. Wani ma'aikaci ya kawo mini ɗankwalin a kan sanda, jiƙe da yawu, yana rusunawa.

Haka na dawo gari, leshi da awarwaro da malafa ruwan hoda. Muna kan gada Madam Lin ta juyo ta dafa hannuna ta yi magana. Baban Ummi ya goge ido ya ce, "Wai yanzu ta yarda babu namun daji a garinku. Wanda ya tashi da su ba zai yi shigar bishiya ya juya musu baya ba." To, na dai samu abin da nake nema, sai dai ba ta hanyar da na so ba. Da yamma Hajiya Rakiya ta ƙwanƙwasa ƙofa da kibiyarta a hannu, wai ga ta ta taho. Ita ma lissafin gida ta yi.

Na ɗauka magana ta mutu a Sin. Ina! Madam Lin ta wanke hotunan ta ba Baban Ummi a ambulan, shi kuma ya miƙa ambulan ɗin yadda yake ga wani abokinsa mai komawa Kano, ya ce a kai wa Yaya Binta. Ya ce wai bai buɗe ba. Ni da na zauna da mutumin nan shekara da shekaru na san ya buɗe.

Ranar da muka sauka Kano gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, kowa ya gaishe ni sai idonsa ya haura kaina. Yaya Binta ta rungume ni ta ce, "Sannu da hanya matarmu. Wallahi na janye maganata, ba ki bushe ba. Ɗanya shar kika je, har dabbobi suka shaida." Sannan ta miƙo mini tsarabar dawowa, ɗankwali ruwan ƙasa, ta ce wannan ba ya kama da ganye.

Hoton yana nan a shafin farko na kundin hotunanta, ni da raƙumi muna ja-in-ja, mataji a tsaye. Ko dangin mijin Ummi da suka zo gaisuwa sai da aka nuna musu. Na yi rantsuwa zan aiko mata da hoton da zai rufe mata baki, ga shi na ba ta abin magana na har abada. Masu iya magana sun ce girman kai rawanin tsiya ne, ni nawa ma sai da aka tauna. Tun daga ranar in an ce mini takwas, takwas nake ji, ba na fita da rabin tsifa, kuma ko ragon layya ne ba na juya masa baya in ina sanye da kore.