Igiya Biyu, Saniya Ɗaya

Da hantsi, Maccido ya fito daga ƙauyensu na ƙasar Kebbe yana janye da Gudale, saniyar da ta rage masa. Tun da aka zagaye dajin kiwo da waya don dashen itatuwa, garkensa ke tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Da suka iso bakin shingen, saniyar ta coge tana shinshina tsohuwar hanyarsu. Mai gadin wurin kuwa Ɗan'iya ne, ɗan goggonsa, taubashinsa.

"...lafiya lau, sai ganin bawana cikin rigar gwamnati," in ji Maccido.

"Wa ab bawanka? Kai tsoho, ina zuwa da wanga kwarangwal? Ungulu sunka aike ka?"

"Tambuwal za ni kai ta, ta ga lantarki."

"To riƙe ta da kyau, kada iska ya raba ku."

"Ko ta rame ta fi ka daraja. Kai da anka ɗauka gadin itace! Tsoro aka ji kar su gudu?"

"Daga irinku nika tsaron su. Ka manta ƙiryar da ka sassabe wa shanu har ta mutu tsaye?"

"Kai ka riƙa min gatari, mai baƙin ciki. Ai tare munka ci dajin, yau kai kaɗai ka yi wanka ka zama malami."

Ɗan'iya ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya faɗa kan wuyan Gudale. Sabuwar igiyar leda ce. Tsohuwar ta kaba, wadda kakansu ya tufka, tana naɗe a kafaɗar Maccido. A gidansu ba a sayar da saniya da igiyar gida, don kada albarka ta bi ta. Duk wanda ya fito da igiya biyu, da ɗaya zai koma.

"Maccido, jikar shanun Kaka ce fa."

"Na sani."

"Ita kaɗai ta rage."

"Mi za ta ci? Waya?" Maccido ya shafa tozonta. "Nan uwatta ta haife ta, ƙarƙashin waccan tsamiya. Yanzu tsamiyar tana ciki, mu muna waje. Itatuwanku sun yi kyau, ban ce ba su yi ba. Amma ba a tatsar iccen bedi."

Ɗan'iya ya kaɗa sandarsa a ƙasa.

"An ce mu riƙa yanke ciyawar ciki saboda gobara. Dami guda kullum, har ruwa ya sauka. Ni zan kawo."

"Ta zauna a turke kamar ragon layya? Saniyar da ta san hanyar gulbi da kanta?"

"Da babu gara ba daɗi."

Maccido ya daɗe yana kallon tsamiyar. Sannan ya kwance igiyar leda, ya mayar wa Gudale ta kaba.

"Wato kullum za ka ɗauko wa saniyata ciyawa a kai?"

"Na faɗa."

"To mi aka kiran mai wanga aiki?"

Ɗan'iya ya yi dariya, amma ya kau da fuska. "Na yarda. Bawanka ne. Bawan saniya ma."

Maccido ya cilla masa igiyar ledar. "Ungo, ka ɗaure dami. Kuma ka yanko mata ta gindin tsamiya. Ita ta sani."