Waƙar da Na Zaɓa a Bikin Rahila

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ba na jin zan manta da ranar bikin Rahila, 'yar abokina Bulus. Har yau in aka kunna lasifika da ƙarfi kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Da ina saurayi ina da ɗan shagon kaset a Ƙofar Dumi, tsakanin wani tela da mai gyaran agogo. Duk mai son kiɗan rege a garin Bauchi ya san ƙofar nan. Rasta ake ce min (alhali ban taɓa tara gashi ba, ina Baba zai bari? Duk Juma'a wanzami ke yi min ƙwal). Mu masu kaset muna da wata ɗabi'a: in sabon kaya ya iso, ba ma zama mu ji waƙa har ƙarshe. Ka danna, ka ji farkonta, ka tura gaba. Da haka nake gane wadda za ta tafi da wadda za ta sha ƙura a kanta, kuma ina ji da wannan kunnen nawa ba kaɗan ba.

A shagon na san Bulus, ɗan Bogoro da ke koyon walda a Fadaman Mada. A nan kuma ya ga Saratu, ta zo a ɗaukar mata waƙoƙin coci. Akwai wata tsohuwar waƙar Jamaika mai sanyi da yake sa ni in kunna da zarar ya hango ta tafe, har zaren kaset ɗin ya tsinke na liƙe shi da jan farce. Suka yi aure, aka haifi Rahila, Saratu ta rasu yarinyar tana sakandare.

Da biki ya matso Bulus ya same ni a shagona, inda yanzu sabulu da taliya nake sayarwa. Ya ce wajen liyafa akwai rawar da uba ke yi da 'yarsa kafin ya miƙa ta, kuma waccan waƙar tasu yake so, don a ji kamar Saratu na wurin. Ni kuwa da shegen girman kai na ce haba, wa ke jin wannan yanzu? Ya bar min, zan samo masa sabuwa fil, 'yan zamani su san Rasta bai mutu ba. Bai so ba, amma ya bar min.

Na cika wayata da sababbin fitowa: rege, kiɗan Afirka, na Latin Amurka masu ƙaho da ganguna, na tsibiran Karibiyan. Da waya ta ce ba wuri, na goge tsofaffin, har da ta su Bulus, ko a jikina. Na yi ta dannawa ina tura gaba kamar da, har na faɗa kan wata da ta fara da jita a hankali, mace na ɗan gunguni mai daɗi. Na ce shi ke nan. Matata Hajara ta tambaye ni ko na ji ta har ƙarshe, na ce ta kula da tukunyarta.

Aka yi liyafa da la'asar a wani fili a Tirwun. Ga matan zumuntar coci da ankonsu, ga fasto, ga uban ango, dattijon coci ne mai furfura, a kujerar gaba. Aka kira ni da lasifika, wai tsohon gwanin kiɗa. Na taso ina gyara hula, na jona wayata da kaina.

Jita ta fara. Bulus ya kama hannun Rahila, suka soma takawa, mata na ta guɗa. Ina nan ina gyaɗa kai ina jin kaina a sama, sai kiɗan ya tsaya cak. Aka yi wata jiniya, ganga ta dako har rumfa na rawa, wani ƙato ya hau kururuwa, matar nan mai gunguni kuma ta koma wani irin nishi da ba sai an fassara wa kowa ba. Samarin da ke baya, waɗanda suka san waƙar, suka kwashe da ihu. Fasto ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta toshe wa jikarta kunne.

Na yi wuf zan rage murya, na ƙara ta. Wayar kuma ta kulle, lambar buɗe ta ta gudu daga kaina. Sai da na fizge igiyar gaba ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bulus ya tako har inda nake, bai ɗaga murya ba. "Rasta, sa mana tamu."

"Na goge ta," na ce, kamar zan yi kuka.

Ya dube ni, ya ɗauki makirufo ya danƙa min. "A kanka ma ka goge?"

Haka na rera ta, ni da ban taɓa waƙa ba ko a banɗaki, murya kamar ƙyauren da ya rasa mai. Ba kiɗa, ba komai. Can sai wasu masu furfura suka kama min amshi, ashe tsofaffin masu zuwa shagona ne. Rahila ta tsaya da rawa, ta dubi babanta. "Baba, ai ita ce Mama ke yi in tana wanki." Bulus hawaye kawai yake yi, ya ci gaba da takawa. Ni ma dai ban ƙarasa baitin ƙarshe da busasshen ido ba.

Tun daga ranar na gane cewa kunnen da nake taƙama da shi farkon waƙa kaɗai ya sani. Ina nan ina sauraron sababbin, wasu ma suna da daɗi ƙwarai, amma ba na yabon kowacce sai ta ƙare. In kuma na manta, Hajara na leƙowa daga madafa: "Rasta, wannan karon ka ji ta har ƙarshe?"